Mai Furar da Na Zana

Ƙarar yage takarda ce ta fara jawo komai. Ina tsugune a bakin murhu ina tankaɗe sai na ji "kyat" daga ɗaki, irin ƙarar da duk wanda ya yi lekol, wato boko, ya sani, ta fallen kaye, littafin rubutu, idan an fizge shi daga tsakiya. Na san ƙanena ne, autanmu, don shi kaɗai ke faɗa min ɗaki ba sallama ya taɓa kayana. Gyaran telefon yake yi a wata 'yar rumfa a bakin kasuwar Sankaryaaré, kullum cikin neman takardar da zai rubuta lambar wani yake.

"Auta, wane kaye ka yaga min?"

Can sai ga shi ya fito da kayen a buɗe a hannu, ya ma manta da fallen da ya yaga. Kayen nan mai ƙananan gidaje ne, irin wanda muke lissafi a ciki. Tun da na bar karatu a aji huɗu na sakandare nake zana adon hula da na rigar matashi a cikinsa kafin in ɗinka, kowane gida ɗaya ɗinki ɗaya.

"Yaya, ke kika yi wannan?"

"A'a, aljanu ne."

"Wallahi wata biyu ina fama da abin da ke kike yi kina hamma."

Ya zauna a kan turmi ya fiddo wani ɗan inji daga aljihu, irin na wasan yara da ake kawowa kasuwa, mai maɓallai da ɗan gilashi. A ciki akwai wani tsohon wasa da na sani tun muna ƙanana muna leƙen tele, wato talabijin, a gidan maƙwabta: wani ɗan mutum yana gudu daga hagu zuwa dama, yana tsallake ramuka, yana taka kan dodanni, yana tsintar kuɗi a sama. Auta ya ce ya gano yadda ake buɗe cikin wasan a ordinatar, wato kwamfuta, a canza hotunan. Ramukan da tsallen ba ya iya taɓa su, suna nan yadda masu wasan suka yi su, kamanni kaɗai ake canzawa. Kuma kowane hoto, in ji shi, ƙananan gidaje ne jere kamar na kayena, sha shida a kwance, talatin da biyu a tsaye, launi uku kawai aka yarda.

"Ba wanda ya ba ka izini ko?"

"Yaya, mutanen da suka yi wasan nan ba su san akwai unguwar Zongo a duniya ba. Ni dai so nake yaranmu su ga garinsu a ciki. Na zana akuya, kowa ya ce kare ne."

Na yi dariya, amma ban amsa masa a ranar ba. Zana abu mai rai ya tsaya min a zuciya. Ranar Asabar bayan karatu na tsaya na tambayi malamarmu ta Islamiyya. Ta saurare ni, ta ce a fahimtarta abin wasan yara yana da sassauci, amma in kiyaye kada in zana abin da zan ji kunyarsa gaban Allah. Na dawo da sauƙin rai. Har yau idan na tuna maganarta sai in ji bakina ya yi ɗaci, don na kiyaye, kuma kiyayewar ba ta hana komai ba.

Da ƙananan abubuwa na fara. Kuɗin da ake tsinta na mai da su goro, fari da ja, don kakanninmu da fataucin goro suka zo ƙasar nan. Dodanni suka zama zakaru da awaki da masu moto, wato babur, marasa birki. Gidajen baya na yi su da jar ƙasa da rufin kwano, har da indararo. Saura mai gudun. Auta ya ce in zana kowace mace da tallar wani abu a kai, yadda ba za a ce wance ce ba.

Ni kuwa na ce Inna zan zana.

Ni ce 'yar farin Inna, kuma ita mutumiyar da ce, ta riƙe kunyar ɗan fari har ƙarshen ranta. Ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" take cewa, ko "'yar nan". Ba ta yaba min a gaban mutane, ba ta haɗa ido da ni ya daɗe. Auta yana kwanciya a cinyarta da gemunsa, ni ko hannunta ban saba riƙewa ba. Na san tana sona, ban taɓa shakka ba, amma na girma ban taɓa ƙare wa fuskar uwata kallo ba. Da aikin nan ya zo sai na samu dalili.

Mako uku ina zuwa gidanmu da hantsi da kayena, in zauna a gefe tana kirɓa fura tana cura ta. Fura take sayarwa tun kafin a haife ni. Kullum bayan azahar ta ɗora babbar ƙwarya a kai, ta bi ta unguwar Ouidi ta ɓulla Sankaryaaré a ƙafa, ta zauna a gindin wata bishiyar darbejiya har la'asar sakaliya. Na kalli yadda take ɗaura koren kallabinta ta bar jela a kan kunnen hagu. Na kalli tsagar gadonta, uku-uku a kumatu. Na kalli yadda take ɗan jan ƙafar dama tun faɗuwar da ta yi wata damina.

"Ke, me kike kallo haka? Bashi nake ci miki?"

"Ba komai, Inna."

"To ɗauke min idon nan, kin sa na zuba yaji sau biyu."

Launi ukun nan na raba su: kore na kallabi da zani, fari na ƙwarya, sai launin fata. Tsagar kumatu gida uku na ba ta. Tafiya kuwa hoto uku ne ake jerawa, sai na rage wa na tsakiyar gida ɗaya a ƙafar dama, ya zama idan tana gudu tana ɗan ɗingishi. A wasan na asali, idan dodo ya taɓa mutumin karo na farko ba ya mutuwa, ƙanƙancewa yake yi ya ci gaba. Na ce wa Auta ni uwata ba za ta ƙanƙance haka kawai ba. Na zana ta ta biyu ba ƙwarya a kai, kamar an ture ta furar ta zube, ta miƙe ta ci gaba da tafiya. Ya ce na cika tsanani, ya kwafe duka gida bayan gida.

Ranar da muka nuna mata tana zaune a tabarma tana tsince gero. Auta ya sa mata injin a gaba ya danna. Ta ƙura ido, ta matso da shi, ta nisanta shi. Da 'yar matar ta daka tsalle ta haye kan zakara, sai Inna ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa.

"La'ilaha! Wannan wace marar kunya ce? Ni yaushe na taɓa tsalle haka?"

"Ke ce mana, Inna. Ga tsagarki nan."

"Ƙarya kake, ɗan nema. Sake sa ta in gani."

Ya sake. Ta kalla har aka faɗa rami. Sannan, ba tare da ta dube ni ba, ta ce wa geron da ke gabanta, "Kallabin dai an ɗaura shi daidai." Shekara talatin da 'yan kai ina jiran magana irin wannan. Na tashi na shiga bayan ɗaki kamar zan ɗauko wani abu.

Auta ya zuba wasan a injinan da yake gyarawa da telefon ɗin abokansa, su kuma suka tura wa nasu. Kafin azumi ya zo, duk inda ka ga yara sun haɗa kai a inuwa, Inna ce ke gudu a tsakaninsu. 'Ya'yan Mosawa, 'yan asalin garin, suka sa mata Yaaba mai fura, wato kaka. Idan ta wuce su bi ta suna gaishe ta, wasu su karɓar mata ƙwarya su kai mata gindin darbejiyar. Tana dawowa ta yi ta mita, wai mun mai da ita abin kallo, amma na lura ta sayi sabon koren kallabi irin na da sak.

Ba a yi wata huɗu ba abin ya juya.

Wata maƙwabciyarmu ce ta shigo min da rana, ta zauna ta yi ta zagaye-zagaye, ta tambayi yara, ta tambayi maigida, sannan ta ce, "Maman yara, kin ga abin da ke cikin telefon ɗin samarin nan kuwa? Ni dai na ƙwace na ɗana na mare shi." Ta kasa faɗa min ko mene ne. Na ja mayafi na tafi rumfar Auta. Da ya hango ni ya sunkuyar da kai, na san ya riga ya sani.

"Nuna min."

"Yaya, ki bari."

"Na ce ka nuna min."

Komai yana nan yadda na zana, goron, awakin, kallabin, ɗingishin. Auta ya bar zakara ya taɓa ta. Ƙwaryar ta ɓace kamar kullum, amma tare da ita zanin ma ya ɓace. Wani ya buɗe wasan kamar yadda Auta ya buɗe na masu shi, ya mai da koren jikinta launin fata, ya ƙara 'yan gidaje a inda ba zan rubuta ba. Ya bar mata kallabin da tsagar, don kada a yi kuskuren gane ta. Ga uwata tana gudu a titin Zongo tsirara, tana jan ƙafar dama.

Na yi salati na dafa teburinsa. Na tambaye shi wa ya yi. Ya ce bai sani ba, ba kuma yadda za a sani, daga wannan telefon zuwa wancan ake turawa, kowa ya ce shi ma ba shi aka yi.

"Aiki ne mai wuya?"

"Minti biyar, Yaya. Launi ɗaya ya canza."

Mako uku na yi ina kallon fuskarta kafin in zana ta. Shi minti biyar.

Muka yi shawarar ɓoye mata. Wautarmu ke nan, kamar ba ita ke bin titin kullum ba. Yaran da ke karɓar mata ƙwarya ba su daina ba, amma wasu suka ƙaru a bayansu, manya-manya, masu dariya ƙasa-ƙasa. Suna cewa, "Yaaba, riƙe zaninki da kyau!" Da farko ta ɗauka kulawa ce, har tana sa musu albarka. Wata mai sayar da tumatir da ke zama kusa da ita ce ta ga abin ya yi yawa ta gaya mata gaskiya. Bayan kwana biyu na je gida na tarar tana shirin fita, ta ɗaura zani biyu, ta kuma ɗaure ƙugunta da igiyar shanya a kansu. Mace mai jikoki, wadda ko a cikin gidanta ban taɓa ganin gwiwarta ba. Na ga igiyar, ta ga na gani.

Ranar ƙarshe wani ya jefe ta da ƙwallon mangwaro a baya, wajen Ouidi. Ba da ƙarfi ba, in ji waɗanda suka gani. So yake ya taɓa ta kawai, kamar zakaran wasan, sauran suna ihu suna jiran abin da zai faɗi. Inna ta tsaya cak. Ta sauke ƙwaryar da kanta, ta juyo gida da ita a rungume a ciki, cike, ko ludayi ɗaya ba ta sayar ba. Ta raba furar wa maƙwabta. Daga ranar ba ta ƙara fita talla ba. Biki da suna ma ta daina zuwa, sai gaisuwar mutuwa, shi ma da sassafe cikin dogon hijabi.

Auta ya yi iya ƙoƙarinsa, ba zan ci haƙƙinsa ba. Duk telefon da aka kawo masa gyara sai ya duba ya goge mummunan ya sa na ainihi. Ya yi dambe sau biyu a kasuwa. Amma ya goge ɗaya, goma sun haifu, kuma samarin sun fi son wancan, har namu ya ɓace daga telefon ɗin mutane, sai a ordinatar ɗinsa kaɗai ya rage. Maigidana ya je wajen iyayen wasu yaran, kowa ya rantse ba ɗansa ba ne. Da ya dawo ya ce min, ba da faɗa ba, "Da kin zana wata can da ba a sani ba, da duk wannan bai faru ba." Gaskiya ya faɗa. Shi ya sa ta yi min zafi.

Na je neman gafara. Na durƙusa a ƙofar ɗakinta na ce, "Inna, ni na jawo miki. Ki yafe min." Na so ta zage ni. Na so ta ɗaga ido ta kira ni da duk sunan da ta ga dama, ko da sau ɗaya ne. Ta ci gaba da jan carbinta har ta kai ƙarshe, ta shafa, sannan ta ce, "Ke, miƙo min butar can." Na miƙa mata. Da zan tafi ta nuna babbar ƙwaryar da ke kife a kan randa ta ce in tafi da ita, tana tare mata wuri. Kunyar da ta hana ta yaba min ita ce ta hana ta yi min faɗa, sai maganar ta zauna a tsakaninmu ba ta da ƙofar fita.

Da na dawo gida na cusa kayen a murhu ina kallo har ya cinye. Na aika wa Auta cewa in dai ni yayarsa ce ya goge komai daga ordinatar ɗinsa, kada ya bar ko gida ɗaya. Ya ce, "Yaya, namu ne fa mai kyaun." Na ce ya goge. Ya goge. A lokacin gani nake na wanke hannuna. Sai daga baya na gane abin da na yi: na kashe wadda na zana da zaninta, na bar wa duniya ɗayar.

Inna ta yi shekara biyu a cikin gida kafin Allah Ya karɓi abinsa. Ciwon ƙirji ne, kwananta ne ya ƙare, ba zan ɗora wa kowa ajalinta ba. Amma mace ce da ƙafarta ta saba da hanya, na ga yadda zama ya cinye ta. Ranar da za a yi mata wanka aka ce in shiga in taimaka. Ni na riƙe zanin da ake rufe ta da shi. Na riƙe shi da hannu biyu har yatsuna suka sandare, tsohuwar da ke wankan tana cewa, "Sassauta, 'yata, mu kaɗai ne a nan." Na kasa sassautawa.

Ban yafe wa wanda ya yi ba. Na san ya kamata, ina roƙon Allah Ya ba ni ikon yi, amma yaya ake yafe wa wanda ba a san fuskarsa ba? Wataƙila yana gaishe ni a hanya. Wataƙila ya ci sadakar bakwai ɗinta. Wataƙila ma ya manta ya taɓa yi.

Bara, wata Juma'a da yamma, ina shara na jiyo kiɗan wasan daga bayan ɗaki. Shekaru ban ji shi ba, amma tsintsiyar ta faɗi daga hannuna. Na zagaya na tarar da 'yata ta ƙarshe, mai shekara takwas, zaune a kan bulo da tsohon telefon ɗin wata ƙawarta. Tana goye lokacin da abin ya faru, ba ta san kakarta da ƙwarya a kai ba, a kwance ta san ta. Na tsaya a bayanta. Ga koren kallabi, ga tsaga, ga ƙafar dama. Na san wanne ne, tunda ɗayan ni na hallaka shi da hannuna.

Na kai hannu zan fizge, ta kauce ba ta ɗago ba. Yatsunta suna ta aiki. Zakara ya taho, ta tsallake. Mai moto ya taho, ta ja da baya ta jira ya wuce. Ga goro jere a sama, ta bar shi, don akwai akuya a ƙarƙashi. Ban taɓa ganin mai yin wasan nan a hankali haka ba, kamar mai raka tsohuwa tsallaka titi. Ƙwaryar tana nan a kanta, fara tas.

"Kin san wace ce wannan?" Na tambaye ta.

"Kaka ce. An gaya min."

"Kin san abin da ke faruwa idan aka taɓa ta?"

Ta gyaɗa kai, idonta a kan gilashin. Ta haye wani rami, ta sauka lafiya, sannan ta ce:

"Sau ɗaya na gani, Mama. Tun daga ranar ba na barin kowa ya taɓa ta. Ki tsaya ki ga, har gida nake kai ta."